Darasi: Launin Yayi da Kuɗin Asusu

'Yan uwa mata, kowace Sallah da launin da ake yayi, na bana daban, na baɗi daban. Kar ki ci bashin asusu saboda yayi.

Kafin ki shiga kasuwar Sabon Birni ko ta Isa, duba hijabi da mayafin da kike da su, ki zaɓi atamfar da za ta shiga da su. Ɗiga ruwa a gefenta ki murza da farin ƙyalle. In tana zuba, bar ta.

Turmi yadi 6 ne, ya isa riga, zani da ɗankwali. Ki saya tun kafin azumi, ki kai wa mai keken ɗinki a cikinmu, kuɗinmu ya tsaya gida.

Tambaya: Anko nawa kika yi bara, nawa kike ɗaurawa yau?