Kafin ka sayi waya mai ruwan zinare

Wani mai karatu daga Suleja ya rubuto cewa ya sayi amfilifaya da sifiku don falonsa, sai mai shago a kasuwar IBB ya nuna masa wata waya mai ruwan zinare a baki, kuɗinta ya kusa rabin na sifikun, ya ce ba zai ji daɗin kayan ba sai da ita. Yana tambaya ko ya saya.

Malam, riƙe kuɗinka. Aikin wayar sifika kai wuta ne daga amfilifaya zuwa sifika, kuma abin da ke hana ta rage ƙarfin sautin shi ne kaurin jan ƙarfen da ke cikinta da gajartarta. A falon da nisan bai wuce mita 5 ba, waya mai kaurin 1.5 ko 2.5, irin ma'aunin da masu haɗa wutar gida ke amfani da shi, ta wadatar. Ruwan zinaren yana hana bakin yin tsatsa, ba ya ƙara wa murya zaƙi. Wayar HDMI ta talabijin kuwa lambobi take ɗauka: idan mai araha ta isar da su daidai, mai tsada ba ta da abin ƙarawa. A 2007 James Randi na Amurka ya sa ladan dala miliyan ɗaya ga wanda zai bambance wayar sifika ta dala 7,250 da mai sauƙin kuɗi ta kunne kawai, ba wanda ya ci ladan.

Abin tsoro a kasuwanninmu shi ne jabu. Akwai wayar alminiyom da aka shafa wa jan ƙarfe a baya. Fere ledar, ka kankare sili ɗaya da reza. In ka ga fari a ciki, mayar wa mai shago abinsa.

Inda nake so kuɗin nan ya tafi shi ne wuta. An ƙera kayanka don bolt 230, amma ka san yadda wutarmu take: ta yi ƙasa har fanka ta kasa juyawa, a ɗauke, a dawo da ita da ƙarfi, ga janareta, ga tsawar damina. Wannan ne ke ƙona amfilifaya, kuma yana ba ni takaici in ga mutum ya zuba dubbai a waya alhali soket ɗinsa na tartsatsi. Sayi sitabilaiza mai ƙarfin da ya zarce abin da kayan ke ja, ka sa mai gyaran wuta ya tabbatar gidan yana da wayar ƙasa, in hadari ya taso ka zare filogi.

Sai ɗakin kansa. Tayil da bango tsirara suna mayar da amo, magana ta cakuɗe. Shimfiɗa kafet, rataya labule mai kauri, janye sifikun daga kusurwa, ka ɗaga su daidai kunnenka in kana zaune. Da hunturu ka riƙa lulluɓe amfilifayar bayan ta huce, don ƙura na toshe ramukan shan iskarta.