Amsoshin Tambayoyinku: Shin Har Yanzu Akwai Riba a Sayen Wayar da Ta Fito Bana?

Tambaya: Ni malamin sakandare ne a Gusau. Wayata ta shekara uku a hannuna kuma tana aiki, sai dai cajinta ba ya kai ni la'asar, ga shi kullum tana kukan wuri ya cika. Abokaina sun dame ni wai an wuce wurin, in sayar da ita in yi ciko in ɗauki wadda ta fito bana. Akwai abin da zan ƙaru da shi, ko dai yayi ne kawai?

Amsa: A yadda ka siffanta wayar nan, ban ga dalilin rabuwa da ita ba tukuna. Abubuwa biyun da ka ambata duk suna da magani mai sauƙi. Akwai dai abu na uku da ba ka ambata ba, kuma shi ne zai raba gardama. Bari mu bi su a hankali.

Abokanka ba su yi ƙarya ba, sai dai maganarsu ta wani zamani ce. Daga 2007 da iPhone ta farko ta fito har kusan shekara goma bayan nan, kowace sabuwar waya tana zuwa da abin da ido zai gani: fuska ta ƙara faɗi, hoto ya ƙara fitowa, an tashi daga 3G zuwa 4G, an soma buɗe waya da yatsa. A lokacin, mai wayar shekara uku an bar shi a baya da gaske. Yanzu gudun ya ragu ƙwarai. A 2022 Apple ya fitar da iPhone 14 da ƙwaƙwalwa ƙirar A15, irin wadda ke cikin iPhone 13 Pro ta 2021. Su kansu kamfanonin sun san mutane sun daina sauya waya duk shekara. Shi ya sa Google ya yi alkawarin ci gaba da sabunta manhajar Pixel 8 har shekara bakwai lokacin da ya fitar da ita a 2023, Samsung ma ya bi sahu da Galaxy S24 a farkon 2024. Wanda ya ƙera abu ya ce zai kula da shi shekara bakwai, ai bai ɗauke shi tsoho a shekara uku ba.

Sai batun kuɗi, wanda ya fi shafar mu fiye da mutanen da ake yi wa tallan. Farashin farko na iPhone 16 a Amurka dala 799 ne, kuma kusan haka yake tun iPhone 12. A wurinsu bai motsa ba. A wurinmu kuwa, tun da aka saki naira a watan Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen naira 460 ta haura 1,500 a 2024. A wannan lissafi wayar ta kusa naira miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu tun ba a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa ba. Mafi ƙarancin albashin da aka amince da shi a 2024 naira 70,000 ne, wato kuɗin wayar ya ɗan haura albashin wata goma sha bakwai ke nan. Tecno, Infinix da itel ba su kai nan ba, amma su ma da dala ake shigo da su.

To, mu koma kan batir, domin shi ne ke sa yawancin mutane su ɗauka wayarsu ta mutu alhali da ranta. Batirin waya yana tsufa da yawan caji. Apple ya bayyana cewa batirin iPhone 14 da na waɗanda suka gabace ta an tsara shi ya riƙe kashi 80 cikin ɗari na ƙarfinsa bayan cikakken caji 500. Mai cajin waya kullum zai cinye wannan adadi kafin shekara biyu. Ga kuma zafi: kamfanin ya yi gargaɗin cewa zafin da ya wuce digiri 35 yana raunana batir raunin da ba ya warkewa, mu kuwa a Gusau da Sakkwato da Maiduguri mun san yadda ake haura 40 a watan Afrilu. Ƙara da caji a shago da janareto, da ajiye waya a gaban mota cikin rana, da latsa ta tana jone da wuta. Batirin da ya shekara uku a wannan hali ya yi ƙoƙari. Kuma gajiyarsa takan jawo wa waya nauyi. A 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun wayoyin da batirinsu ya tsufa don kada su riƙa mutuwa ba zato, har ya rage kuɗin sauya batir daga dala 79 zuwa 29 a shekarar da ta biyo baya. Saboda haka ka fara da sauya batir, kuɗinsa ɗan kaɗan ne daga kuɗin sabuwar waya. Sai dai ka nemi cibiyar gyara ta kamfanin, kamar Carlcare ga masu Tecno da Infinix da itel, ko mai gyaran da ka yarda da amanarsa, domin jabun batir ya yi yawa, kuma yakan kumbura ya ɗaga fuskar waya.

Cikar wuri kuwa, sau da yawa aikin zaurukan WhatsApp ne. Ka hana shi sauke bidiyo da kansa, ka goge waɗanda aka yi ta turowa, ka kwashe hotunan iyali zuwa kwamfuta ko katin memori.

Abu na ukun shi ne tsaro. Lokaci-lokaci kamfani yana turo wa waya gyaran da ke toshe ƙofofin da ɓarayin intanet suka gano. Ranar da ya daina turowa, wayar za ta ci gaba da kira da ɗaukar hoto, amma duk ƙofar da aka gano daga baya a buɗe za ta zauna. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga wanda albashinsa ke shiga ta manhajar banki a wayar. Daga nan kuma manhajoji su soma janye jiki: WhatsApp ya bar wayoyin da ke ƙasa da Android 5 a 2023, sannan a 2025 ya bar iPhone 5s da iPhone 6. Ka shiga saitin wayarka, wajen bayanin waya, ka duba ranar sabuntawar tsaro ta ƙarshe. In ta 'yan watannin nan ce, ka kwantar da hankalinka. In ta haura shekara kuma ka nemi sabuwa babu, to a ganina lokacin fara tara kuɗi ya yi. Wayoyi masu araha sun fi saurin kaiwa wannan matsayi, kodayake abin ya fara gyaruwa, tunda Samsung ya yi wa Galaxy A16 alkawarin shekara shida duk da ba ta cikin masu tsada.

Za a ce maka 5G. MTN ya ƙaddamar da shi a Najeriya a 2022, Airtel a 2023, amma ya fi ƙarfi a wasu unguwannin manyan birane, don haka ka tabbatar akwai shi inda kake zaune kafin ka biya kuɗinsa. Za a ce maka ƙirƙirarriyar basira, ita kuma mafi yawan manhajojinta a intanet suke aiki, tsohuwar waya ma tana buɗe su. Kyamara ce kawai zan ɗaga wa ƙafa. Mai ɗaukar hoton biki, ko mai sayar da atamfa da turare a Instagram, wayarsa jarinsa ce, in ya sabunta ta bai yi almubazzaranci ba.

In ranar sauyawa ta zo, ba dole sai ta bana ba. Ta bara takan sauko a farashi da zarar sabuwa ta fito, kuma tana da sauran shekarun sabuntawa a gabanta. Ka yi hattara da musanye, kada ka saki reshe ka kama ganye: wani yakan ba da tsohuwar babbar waya ya karɓi sabuwa ƙarama wadda ba ta kai ta ƙarfi ba, don dai tana cikin kwali. In ta hannu za ka saya, a Farm Centre ta Kano ko wata kasuwar, ka danna *#06# ka ga lambar IMEI ta dace da ta rasit, ka tabbatar mai ita na farko ya cire asusunsa na iCloud ko Google, ka duba lafiyar batir. Ka kuma sani cewa iPhone ɗin da aka yi don kasuwar Amurka, daga 14 zuwa sama, ba ta da ramin sa layi, sai eSIM.

Shawarata, Malam: ka duba ranar nan ta tsaro yau. In kamfani bai yar da wayar ba, ka sa mata sabon batir mai kyau, ka share mata wuri, ka ci gaba da morar ta shekara ɗaya ko biyu. Allah Ya sa albarka a abin da ake samu.