Maganin Ɓera A Gida

Da kaka ta yi, ɓera kan baro gona ya biyo hatsi gida. Ɓarnarsa ba ta tsaya ga cin dawa ba, fitsarinsa da kashinsa cikin abinci kan kawo zazzaɓin Lassa, wanda aka fara ganewa a ƙasar Borno cikin 1969.

Macen ɓera mako 3 ta ke yi da ciki ta haihu, don haka kyanwa ɗaya ba ta isa. Sai mai gida ya share ciyawa da kara daga gindin rumbu, ya liƙe ramuka. Tarko kuwa, ɓera na gudun baƙon abu. A sa ƙuli-ƙuli ciki, a bar shi jikin bango kwana 3, sa'an nan a ɗana. Wanda ya kamu, kada a taɓa shi da hannu, a binne shi.