Shawara ga Mai Tara Katunan 'Yan Wasa

Duk mai sha'awar tara katunan 'yan wasa, irin na Panini na Italiya ko Topps na Amurka, lalle ya sani darajar kati tana ga lafiyarsa, domin kusurwa guda da ta lanƙwashe, ko ɗan ƙarzane a fuskarsa, kan karya farashinsa ƙwarai. Saboda haka, kafin ka biya kuɗin kati a kasuwar intanet ta eBay, nemi hoton gabansa da bayansa, in kuwa an ce kamfanin PSA ya tantance shi, duba lambar shaidarsa a wurinsu, gama algus ya yawaita. Amma sayen rufaffen ƙunshi bisa fatan dacewa da kati mai tsada, a ganina ya kusanci garari. Gara ka sayi abin da idonka ya gani.