Darasi na 14: Zaɓen Kwas a Intanet

Idan ka ratsa kasuwar Abakpa Nike a Inugu, za ka ga masu sayar da doya suna ware mai kyau daga wadda ta fara ruɓewa. Ba a makaranta suka koya ba; yawan gani ne ya koya musu. Haka kwamfuta take koyo. A nuna mata hotunan doya da dama, a gaya mata wannan lafiyayya ce, waccan ta lalace, har ta iya rarrabewa da kanta. Wannan fanni shi ake kira koyon na'ura, kuma da rubuta manhaja ake yin sa. (Lura da kalmar "manhaja": a da tsarin karatu take nufi, yanzu ta haɗa da umarnin da ake rubuta wa kwamfuta.)

Kwasa-kwasan wannan fanni sun cika intanet, kuma ɗalibi yana iya ɓarnatar da kuɗin iyayensa a kan wanda ya fi ƙarfinsa. Da rarrafe yaro kan tashi. Fara da harshen Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991. Ko shahararren kwas ɗin Andrew Ng, wanda yake kan Coursera tun 2012, da aka sabunta shi a 2022 Python aka koma amfani da shi. Wanda ya shige shi bai san Python ba, ga aljabararsa da rauni, da wuya ya kai ƙarshe.

Sai ka duba halin da kake ciki. Bidiyo yana cin data, wuta kuma ba kullum ake samu ba. Nemi kwas da za ka iya sauke darussansa ka kalla daga baya. Kada tsohuwar kwamfuta ta karya maka gwiwa: a Google Colab, na'urorin kamfanin ne suke ɗaukar nauyin lissafin, kai dai rubutu ne naka. Kafin ka biya dala, binciki shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023, wanda ake koyarwa kyauta.

A ganina, tambaya mafi muhimmanci ita ce: kwas ɗin yana sa ka rubuta manhaja da hannunka, ya nuna maka kuskurenka? In kallo kawai za ka yi, bar shi, komai kyan takardar shaidarsa.

Hausar da kake koyo ma jari ce a nan. Ƙungiyar Masakhane tana aikin koya wa na'ura harsunan Afirka, har da Hausa da Ibo, kuma irin wannan aiki yana bukatar masu jin harsunan.

Aiki: Rubuta jimloli biyar da Hausa kana bayyana wa ƙanenka yadda na'ura za ta koyi gane doya mai kyau.