Amsar Tambaya: Shukar Tukunya Tsakanin Ɗaki da Tsakar Gida

Malama mai tambaya daga unguwar Takur a Dutse: Bisa ga sifar da kika bayyana, wato ganye mai kauri, miƙaƙƙe kamar takobi, da ratsin kore mai haske a gicciye, babu shakka shukarki moda ce, wadda magabata suke tsaga ganyenta su murɗa igiya.

Ita moda ma'abociyar haƙuri ce, tana jure inuwar ɗaki da ƙarancin ruwa, amma idan kika fitar da ita farat ɗaya cikin zafin bazara na Afrilu, alhali ta saba da duhu, lalle ganyenta zai ƙone. Saboda haka wajibi ne ki fara ajiye ta ƙarƙashin darbejiya kamar mako biyu, tana samun hantsi kaɗai. Abin tsoro na haƙiƙa shi ne ruwan Agusta, domin muddin gindin tukunyar ba shi da huda, saiwar ruɓewa za ta yi. Da hunturu kuwa, sai ki riƙa goge mata ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Kafin ki mayar da ita ɗaki, ki duba ƙarƙashin tukunyar, saboda kunama.