Sigarin lantarki da huhunka: abin yi da abin bari

Ɗan samari, ko a Kurya Madaro kake, ko kasuwar Shinkafi kake ci, ko karatu kake a kwalejin fasaha ta tarayya da ke Kaura Namoda, da kai nake.

Idan ba ka shan taba, kada ka taɓa 'yar abar nan mai batir da ƙamshin lemo ko minti. Nikotin ne a cikin mafi yawansu, kuma shi ne ke kama mutum ya kasa bari. Kada ka yarda da mai ce maka ai tururin ruwa ne kawai. Wayar ƙarfe ce ke dafa ruwan sinadarai, kuma an samu ɓurɓushin ƙarafa a tururin wasunsu, har da dalma. Mutumin Zamfara ba ya buƙatar a faɗa masa mece ce dalma, bayan yara fiye da 400 da gubarta ta kashe a 2010.

Idan kuwa ka riga ka kamu da sigari, ka san gaskiyar lamarin. Taba ƙonewa take yi, hayaƙinta na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu masu jawo ciwon daji. Baƙin danƙonta na kashe ƙananan gasun da ke share majina daga hanyar numfashi, ya huda jakunkunan iska na huhu, kuma abin da ya huje ba ya komawa. Na lantarki ba ya ƙona ganye, don haka gubarsa ba ta kai ta taba ba. Shi ya sa hukumar lafiya ta Ingila ta ce a 2015 illarsa ta gaza ta sigari da kusan kashi 95 cikin ɗari, adadin da masana da yawa suka yi jayayya da shi. Amma ko da ya fi dama-dama, yana kawo tari da kumburin hanyar numfashi, yana kuma tayar wa mai asma ciwonsa, balle a ƙurar hunturu.

Kada ka haɗa biyun. Wannan ne ya fi tayar mini da hankali: mutum ya zuƙi na lantarki a ɗaki, ya sayi kara a bakin tasha, yana ganin ya rage. Muddin akwai kara ko ɗaya a rana, ɓarnar na nan. Ka bar sigari gaba ɗaya, sannan ka sa ranar barin na lantarkin ma. Cikin makonni 2 zuwa 12 da dainawa, aikin huhu yakan fara gyaruwa.

Kada ka zuba wa na lantarkin wani haɗi da ba ka san asalinsa ba. A Amurka, daga 2019 zuwa Fabrairun 2020, an kwantar da mutum fiye da 2,800 a asibiti, 68 suka mutu, galibi saboda ruwan wiwi da aka gauraya da wani mai.

Kada ka koma shisha. Gawayi take ci, hayaƙinta ma guba ne.

Mai shago, ka ji tsoron Allah, kada ka sayar wa yaro. Dokar taba ta 2015 ta hana sayar da taba ga wanda bai kai shekara 18 ba.

Tari ya wuce mako biyu, ko numfashi na sarƙewa, ko ka ga jini a kaki? Ka tafi asibiti a gwada ka, don yana iya zama tarin fuka. Ka faɗa wa likita duk abin da kake zuƙa, kada ka ɓoye masa komai.